Dami Na Goma

Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina shekara uku, saboda haka a gidanmu na Wagini ba a taɓa miƙo mini fartanya ba. Yayyena maza uku su ne ƙarfin gidan. Su ke huɗa, su ke noma, su ke yankan dawa. Ni kuwa aikina zama a gindin darni ina korar kaji daga shanya, kuma ko kajin ba su ɗauke ni a bakin komai ba. Idan aka tafi gona da safe gida yakan yi tsit, daga ni sai Inna da ƙanwata. Ba zan ɓoye ba, na sha kuka a gindin darnin nan. Ba ciwo ke sa ni ba, ganin ba wanda yake da bukatata ne.

Rana ɗaya ce tak a shekara nake zama mutum, ranar zuba dawa a rumbu. Baba yakan hau ya shiga ciki don ya jera dammai da hannunsa, yayyena suna saukewa daga jaki suna miƙa masa. Daga cikin rumbu ba ya ganin abin da ake yi a waje, sai ya zaunar da ni a ƙasa da ƙwarya da tsakuwa. Duk damin da aka ɗaga in jefa tsakuwa ɗaya, in faɗi lambarsa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, har tara. Na goman ba a ce masa goma. Sai in buɗe murya in ce, "Na Allah!" Wanda ke ɗauke da shi ya juya, ya kai shi gindin tsamiya ya jingine. Zakka ce, ba ta shiga rumbunmu. Ni kuma in zubar da tsakuwar in sake farawa daga ɗaya.

Baba ba mai yawan magana ba ne, da ni kuwa sai a yi mako bai ce mini fiye da "ka ci abinci?" ba. Amma ranar nan idan an gama, yakan fito jikinsa duk ƙaiƙayi, ya dafa kaina ya ce, "Malamin ƙirga, nawa muka samu?" Sai in dubi gindin tsamiya. Idan huɗu ne a jingine, arba'in ke nan, in haɗa da 'yan tsakuwar da suka rage a ƙwarya in faɗa masa. Wannan dafa kan nake jira shekara guda cur.

Ina shekara tara Baba ya ce tunda ƙafar ba ta gona ba ce, a gwada kan. Aka ɗora ni a babur zuwa Safana, gidan Gwaggo, yayarsa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk sun yi aure sun watse. Ƙuli-ƙuli take yi. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa hira da ni ba. Ita da rediyonta, ni da tabarmata. A makaranta idan aka fita hutun ƙarfe tara, yara su tafi ƙwallo, ni su bar mini gadin takalma. Na san takalmin kowa a ajinmu tun kafin in san muryarsa.

Lissafi ne kaɗai ya karɓe ni hannu biyu. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, duk na same su kamar na taɓa saninsu a wani wuri. Lambobi ba sa gudu su bar mutum a baya. Da muka shiga aji uku, malaminmu ya fara ba mu lissafi mai labari, irin wanda sai ka karanta zance sannan ka zaro lambobin daga ciki. Yawanci labarin lemo ne ko fensir. Wata Talata sai ya rubuta a allo: "Wani manomi ya samu dami sittin na dawa. Ya raba wa 'ya'yansa shida daidai wa daida. Dami nawa kowa zai samu?"

Murna ta kama ni. Ga gidanmu ya biyo ni har cikin aji. Na ga jakin, na ga tsamiyar, har ƙaiƙayin na ji a wuyana. Dami sittin, shida sun tafi gindin tsamiya, saura hamsin da huɗu. A raba wa mutum shida, kowa tara. Ban ma yi dogon rubutu ba. Na rubuta tara, na ja ƙafata zuwa teburin Malam tun sauran suna ƙirga yatsu.

Ya duba, ya zare jan biro ya gicciye ta.

"Kai da ba ka faɗuwa," in ji shi, "ina ka kai sauran shida?"

Na ce, "Na Allah ne, Malam. An jingine su."

Aji ya ɗauke da dariya. Malam ma ya yi, amma tasa ba ta mugunta ba ce, don shi ma ɗan manoma ne, ya gane nan take. Ya tsawata wa yaran, ya rage murya ya ce, "A gonar babanka ka yi daidai. Amma nan takarda ce. Abin da aka ba ka shi za ka raba, kada ka ƙara, kada ka rage. Wanda zai duba jarrabawarka bai san tsamiyarku ba."

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Daga ranar, duk inda na gifta sai in ji yara suna bina da "Na Allah! Na Allah!" suna kwaikwayon tafiyata. Kalmar da nake faɗa da ƙarfi sau ɗaya a shekara, manya su juya saboda muryata, ita ce ta zama abin tsokanata a bakin famfo. Na ji kunyarta, na kuma ji haushin kaina da na ji kunyar.

Sai na ɗaura aniyar gyara bakina. Kullum bayan la'asar in zagaya bayan madafar Gwaggo, in tara ɓawon gyaɗa, in ƙirga shi daga ɗaya har sittin ba tsayawa. Abin dariya, harshena ya riƙa turjewa. Ina cewa tara sai in ji wancan kiran ya taso, in haɗiye shi da ƙyar in ce goma. Na yi makonni a haka ni kaɗai, Gwaggo tana jina ta cikin hayaƙi, ba ta taɓa tambayar me nake yi ba. Ƙarshen zango na zo na ɗaya a lissafi. Na kuma iya rabawa sosai, har na gano abin da ya ba ni mamaki: ashe ba sai an tsaya a kowane na goma ba. Ana iya ƙirga duka, a raba gida goma, amsar ɗaya ce. Na ƙagu in nuna wa Baba.

Hutu ya zo daidai da kwasar dawa. Ranar rumbu Baba ya hau ya shiga, ƙanwata ta kawo mini ƙwarya da tsakuwa. Na ture su gefe, na fito da littafina da fensir. Aka fara miƙa dami ina jan layi. Da muka wuce tara na ce goma, na ce sha ɗaya. Babban yayanmu ya tsaya da dami a ka, ya ce, "Kai, ba mu kai na Allah ba?" Na ce, "Ku dai ci gaba, Yaya, a ƙarshe zan fitar." Ya ɗaga kafaɗa. Sun gaji, kuma ni ne mai ƙirga, maganata ake bi. Baba yana can ciki, ƙarar dawa ta cika masa kunne.

Da aka gama ya leƙo, ya sauko, ya karkaɗe rigarsa. Ban jira tambaya ba. Na ce, "Baba, hamsin cif!"

Bai dube ni ba. Gindin tsamiya yake kallo, inda babu komai sai akuya a kwance.

"Ina na Allah?"

"Suna ciki, Baba. Ai da sauƙi. Hamsin a raba gida goma, biyar ke nan. Sai a fito da biyar." Na miƙa masa littafin, shi da bai san boko ba.

Ya dubi littafin, ya miƙo mini abina. Sannan ya ce, "Waɗanne biyar?"

Na ce ko waɗanne.

"Ni zan zaɓa ke nan," in ji shi. "To in na sa hannu, ka san inda hannun zai tafi? Kan ƙanana zai tafi, ko ban so ba. In kau na ɗauko manya don kar a ce, to don idon mutane na yi. Shi ya sa ba ni zaɓe. Wanda ya faɗo na goma, babba ne ko ƙarami, shi ne nashi."

Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ni ba. Ya ce wa yayyena a fito da dawar duka. Hamsin ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, aka sake sauke su ƙasa, aka cakuɗa, rana tana yin ƙasa, yayyena suna harara ta suna tsaki. Ya ɗauki ƙwaryar da na ture, ya busa ƙasar da ta shiga, ya miƙa wa ƙanwata. Shekararta bakwai, ta iya ƙirga har goma, iyakar abin da ake bukata ke nan. Ni kuma ya ce, "Je ka huta, ka sha hanya."

Ina zaune a gindin darni na ji siririyar muryarta ta ce, "Na Allah!" Sau biyar na ji. Biyar ɗin dai da na faɗa. Lissafina bai yi kuskure ba ko da ɗaya, kuma wannan bai amfane ni da komai ba.

Shekara ta zagayo na koma na zauna kusa da rumbu, hannuna ba littafi, ko za a miƙo mini ƙwaryar. Ba a miƙo ba. Baba ya fito ya dafa kan ƙanwata, ni ya ce mini, "Sannu, malamin boko." Ba gatse ba ne, na sani. A kasuwa yakan yi alfahari da ni, ya ce ɗansa ba a kayar da shi a lissafi. Amma har ya koma ga Allah bai sake tambayata nawa muka samu ba, ni kuma nauyin baki ya hana ni roƙo.

Yanzu ni ke koyar da aji uku a wata firamare a Batsari. Ɗaki ɗaya nake haya, dawa kuwa a tiya nake saye. Duk shekara idan muka kai lissafi mai labari, nakan rubuta musu tambayar nan a allo, manomi, dami sittin, 'ya'ya shida. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, wasu iyayensu sun baro gonakinsu a ƙauye sun dawo gari. Sai in zauna in ɗora ƙafata a kan benci, ina kallon kawunansu a sunkuye, ina jira ko wani zai taso da tara. Na riga na shirya abin da zan ce masa, na shekara da shekaru ina gyara maganar.

Bana ma na ba su. Littafi hamsin da uku na duba bayan an tashi, ni kaɗai a aji. Masu goma na ba su maki, waɗanda suka ruɗe na gyara musu. Ba wanda ya rubuta tara.