Gwaggo Hure da Turancin Marasa Lafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 1997, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Gwaggo Hure, yayar mahaifina, a gidanta da ke ƙauyenmu na gefen Tsanyawa. Ni Tasi'u, malamin firamare, ina cikin waɗanda suka sa ta a kabari.

Gwaggo, ba ki taɓa zama a aji ba, amma ke ce ɗalibar da na fi tunawa. Bara, da sanƙarau ya shigo mana, an kafa tantuna a cikin gari, aka kawo likitoci daga ƙasashen waje. Tafinta ɗaya ne, namiji, kuma matanmu ba sa iya buɗe masa baki. Sai su zauna a rana da 'ya'yansu a cinya har wuya ya gama sanƙarewa. Ga wahalar man fetur, mota ta yi wuya, a amalanken shanu ake kai marasa lafiya.

A lokacin ne kika same ni a zaure, kika ce, "Tasi'u, yaya ake cewa wuya ya ƙage da Turanci?"

Na ce, "Stiff neck, Gwaggo."

Kika dafa wuyanki kika maimaita. Haka muka bi jiki gaba ɗaya: kai, ciki, ƙirji, zazzaɓi, amai, suma. Kowace kalma sai kin taɓa wurinta a jikinki, har yara suna leƙe suna cewa Gwaggo na alwala ba ruwa. Kalmar jijjiga ce ta fi ba ki wuya, kika mai da ita "kambalshan", kika ce idan Bature bai gane ba sai ki gwada masa.

Ya kuwa gane. Ranar da kika goyo jaririn Zulaihatu maƙwabciyarki, kika ratsa layi kina faɗin kalmar da ƙarfi, likita ya taso da gudu. Yaron nan yana raye, jiya na gan shi yana bin kaji. Tun daga ranar, duk amalanken da zai tashi daga ƙauyenmu kina kansa. Wata rana na ce bari in koya miki yadda suke cewa mutum ya rasu. Kika ce, "Bar shi. Wannan na ji shi a bakinsu har na ƙoshi."

Annoba ta wuce, aka kwashe tantuna, kika koma surfenki. Sai a watan jiya kika faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinki na dama ya shanye. Da kika farfaɗo, Hausa ta tafi. Ko sunan 'yarki Maijidda ba kya iya kira. Abin da ya rage a bakinki Turancin nan ne kawai, shi ya sa aka aiko mini in zo in fassara.

Ranar da za ki rasu na shiga ɗakinki da tsakar rana. Gari ya yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Mata suna zaune jikin bango. Ba ki dube ni ba, ƙofa kike kallo. Kika ɗaga hannun hagu kamar mai kiran na gaba a layi, kika ce, "Boy. Fever. Stiff neck." Idonki ya bi wani abu daga ƙofa, a hankali, har zuwa gindin randa, inda babu kowa.

Na fassara. Kika sake duban ƙofa. "Woman. Pregnant. Vomiting."

Maijidda ta kama hannuna, ta ce, "Yaya Tasi'u, Barira ce, matar Nababa. Na farkon kuma Hadi ne, ɗan maƙeri."

Haka kika ci gaba, ina fassarawa, mata suna faɗin sunaye cikin raɗa. Duk waɗanda kika raka ne ba su dawo ba, kuma a jere, yadda suka tafi. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗanda suka warke ba. Wata tsohuwa da ke kusa da randar ta janye ƙafarta, kamar mai ba da wuri. Ban ga komai ba, Gwaggo, kuma ba zan ce na gani ba. Amma ɗakin ya yi mana kaɗan.

Da ƙofa ta daina kawo miki kowa, sai kika dafa ƙirjinki kika ce, "Old woman. No pain."

Maijidda ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ba ta jin ciwo."

Tsoronmu ɗaya ne, kada ki tafi harshenki bai iya kalmar shahada ba. Liman ya zo ya durƙusa yana ta karantawa a kunnenki har muka fara kallon juna. Can sai kika ɗaga yatsa, kika faɗe ta tiryan-tiryan, har na bakin ƙofa suka ji.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo Hure, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa ɗawainiyar da kika yi da bayinsa ta tsaya miki ranar da babu mai magana sai da izininsa. Ya jiƙan waɗanda kika kira. Ina miƙa ta'aziyya ga Maijidda, da mahaifina, da duk gidan da kika taɓa ɗaukar masa mara lafiya. Allah ya ba mu haƙuri, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.