Kunnen Dama na Malam Labaran

A masana'antar robobin da yake aiki a Sharada, kowa ya san Malam Labaran. Shi ne dogon dattijon nan da ke tsaye wajen injin butoci, wanda in kana yi masa magana sai ya zuba wa bakinka ido kamar zai ƙirga haƙoranka. Sababbin ma'aikata kan tsargu, har wani ya goge baki ko ya ci wani abu ne ya maƙale. Tsofaffi kuwa sun san dalili. Malam Labaran da ido yake jin magana.

Kafin robobi, masaƙa ya yi a Bompai, tun yana saurayi da ya baro ƙauyensu a Jigawa. Ƙarar da ke ɗakin injinan saƙa, ko ihu ka kurma ba mai jin ka, shi ya sa ma'aikatan suka koyi karanta leɓen juna. Daga wannan bango zuwa wancan ake gulmar shugaban aiki, a tambayi lafiyar iyali, har cinikin akuya an taɓa ƙullawa ba a ji muryar kowa ba. Masaƙa ta koya wa Labaran wannan, ta kuma karɓe kunnensa na hagu gaba ɗaya, ta bar masa ɗan abin da ba a rasa ba a na dama. Bai taɓa ƙorafi ba. Cewa yake yawancin abin da mutane ke faɗa ma bai kai a wahalar da kunne a kansa ba.

Abu ɗaya ya ɗauka da zafi a duniya, kallo. A layinsu a Panshekara shi ya fara sayen bidiyo mai kaset, shi ya fara na faifai, kuma ranar da ya kafa dish a saman kwano sai da maƙwabta suka fito kamar ana ɗaurin aure. In ya yi aikin safe ya dawo, bayan la'asar akan fito da talabijin tsakar gida, a baza tabarmi, yara da mata su cika wurin. Finafinan Hausa ba su ba shi wahala, leɓe yake bi, wani lokaci ma ya riga kowa dariya.

Sai aka shigo da finafinan ƙasashen waje da ake ɗora wa muryar Hausa. Nan wayonsa ya ƙare. Bakin jarumi yana wani yare, murya tana Hausa, shi kuma muryar ba ta isowa gare shi sai kamar ana magana a cikin rijiya. Ranar farko ya kalla ya kalla, ya juya wajen matarsa.

"Atika, mutanen nan bakinsu ƙarya yake yi. Me suke cewa?"

Atika mace ce mai kunya, irin wadda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta jawo kujerarta 'yar tsuguno, ta zauna a damansa da farantin shinkafar da take tsincewa, ta sunkuyo daidai kunnen. "Ya ce ba zai sayar da gonar ba. Ita kuma ta ce to ya ci gonar." Daga ranar wurin ya zama nata. Ko tuwo take tuƙawa, in aka sa irin fim ɗin nan sai ta miƙa wa wata muciyar ta taho.

A shekarar da masaƙa ta rufe, Labaran ya yi watanni yana fita neman aiki daga Bompai zuwa Challawa, yana dawowa hannu biyu. Kunya ta sa ya fara daɗewa a waje, sai ya daidaici an gama cin abinci ya shigo. Wata la'asar da bai fita ba suna kallon wani fim irin na ƙasashen wajen nan, mijin ciki ya dawo gida jiki a sanyaye, matarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta yi magana. Atika ta sunkuyo ta ce, "Ta ce ko ba ka riƙo komai ba ka dinga dawowa da wuri. Ta ce sallamarka a ƙofar gida ta fi mata cefanen."

Maganar nan ta zauna masa. Washegari tun kafin la'asar yana gida. Bayan ya samu aikin robobi ma, duk abokin aikin da ya gani cikin damuwa sai ya ba shi labarin matar fim ɗin nan. Abokinsa Tanko, mutumin kudancin Kaduna da suke injin ɗaya, har ya haddace, in ya hango shi zai fara sai ya ɗaga hannu ya ce ya ji, sallama ta fi cefane.

A hankali tsakar gidan ta fara yin fili. Kowa ya samu waya, masu turi a bakin titi suna cika maka ita da finafinai, daga baya ma da data ake kallo kai tsaye. Yara suka girma, kowa ya shige ɗaki da tasa. Maƙwabta suka daina zuwa. Labaran bai damu sosai ba, tunda kujerar da ke damansa ba ta taɓa zama babu kowa ba. In da za a matsa masa ya faɗi gaskiya, ya daɗe da daina kallo don fim.

Sai ga babbar 'yarsu Rumaisa, wadda ke aure a Hotoro, ta zo da tsaraba: babbar waya mai faɗin faranti, wadda yara ke kira tab, da iyafis na sawa a kunne.

"Baba, yanzu kun huta, Umma ma ta huta," in ji ta. "Shekara da shekaru tana fama da maƙogwaro. Ku sa wannan a kunnen dama ku ƙure ƙara, ras za ku ji."

Ta kuwa yi gaskiya. Da ya sa, muryoyin suka shigo masa tar, har da kukan tsuntsu a bayan masu magana. Ya yi ta murna, ya sa mata albarka. Atika ma ta ce madalla, ta ɗauki kujerarta ta mayar bakin murhu.

Kwanaki ya yi yana kallo shi kaɗai a kan tabarma, allon a cinya. Yana jin komai, amma abin ba armashi. Jaruman da ya sani da kaifin baki sai ya ji su lami, ashe rabin barkwancin daga Atika yake fitowa. In ya ɗaga kai sai ya hango ta can tana tsintar shinkafa, ba mai ce mata me aka ce. Kewarta ta kama shi, alhali tana tsakar gida ɗaya da shi.

Ran nan ya sa aka nemo masa tsohon fim ɗin nan, don ya ji maganar da kunnensa. Mijin ya dawo, matar ta tare shi a bakin ƙofa. Labaran ya gyara zama. Matar ta buɗe baki ta ce, "Ina ka ajiye mukullin ɗakin ajiya?"

Ya mayar baya ya sake saurara. Mukulli dai. Ya bi fim ɗin har ƙarshe, babu sallama, babu cefane. Ya daɗe zaune da allon a hannu. Wato shekarun nan duka yana yawo da maganar matarsa a Sharada, yana rabawa mutane, yana cewa ta wata ce a fim. Ita kuwa da kunya ba za ta bar ta ta dube shi ta faɗa ba, sai ta sa a bakin wata.

Washegari da ya dawo daga aiki ya yi la'asar, ya naɗe iyafis ɗin ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya jingina tab ɗin da buta, ya kunna fim ɗin daga farko.

"Atika, zo ki faɗa min. Abin kunnen nan ya daina yi."

"Malam, abin da aka kawo jiya-jiya?"

"Kayan zamani ne, ba su da alƙawari."

Ta dube shi, ta dubi wayar iyafis ɗin da ta leƙo daga gefen tabarma. Ta ɗauko kujerar da farantinta ta zauna a damansa, ta ci gaba daga inda ta saba, ya ce kaza, ta ce kaza. Da aka zo wurin da matar ta tare mijin a bakin ƙofa, sai hannun Atika ya tsaya a cikin shinkafar.

"Me ta ce?" in ji Labaran.

"Ai ka ji da kunnenka, Malam."

"Na ji nata. Naki nake tambaya."

Atika ba ta kalli allon ba, shi ma ba ta kalle shi ba. Ta tsince wata 'yar tsakuwa ta yar, sannan ta sunkuyo daidai kunnen dama, murya ƙasa-ƙasa yadda ko kajin tsakar gida ba za su ji ba.

"Ka dinga dawowa da wuri," ta ce. "Har yanzu sallamarka ta fi min cefanen."