Goggo Asabe da Littafin da Aka Bari a Kotu

Goggo Asabe ba ta buɗe littafi sai da jan biro a hannu. Ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, amma biron bai yi ritaya ba. Ki ara mata littafinki sabo fil, ya dawo miki kamar an yanka kaza a kai, a bangon baya kuma ta rubuta wa marubucin: huɗu bisa goma, a ƙara ƙoƙari. Ni 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na Mandawari na koyi son labari, yau ga ni da jikoki.

Shi ya sa raina ya ɓaci ranar addu'ar ukun rasuwarta, da na ji wata mata tana cewa, "Allah sarki, baiwar Allah mai sanyin hali, ba ta da magana." Wa? Goggo? Salla ba ta wuce ta, wannan gaskiya ne. Amma sanyin hali ƙarya aka yi mata, kuma ni ba zan zauna a binne ta da halin wata ba.

Ku da kuke zaurenmu na waya kun san ita ta buɗe shi, lokacin da littattafai suka koma cikin waya. Ta sa masa suna Masu Tabarau. Dokarta ɗaya ce: a faɗi littafi mai daɗi, a faɗi inda za a same shi, kada a faɗi ƙarshensa. Hajiya Turai, ƙawarta tun suna 'yanmata, ta yi suɓutar baki wata rana ta ce mijin da ke cikin wani littafi mutuwa yake yi. Kafin azahar Goggo ta fitar da ita daga zauren. Bayan la'asar kuma ta aika a kira ta.

"Kin kore ni, me kuma zan miki?" in ji Hajiya Turai.

"Korar tana nan, sati guda," Goggo ta ce. "Amma tunda kin riga kin ɓata, zauna ki faɗa min me ya kashe shi."

Da idonta ya fara rauni, sai muka koma da ita sauraro. Na fara sa mata irin wanda inji ke karantawa. Ko minti biyar ba a yi ba ta ɗaga hannu.

"Wannan ɗan wane gari ne? Ƙofar Ruwa yake cewa Kofar Ruwa, kamar an cire masa haƙori."

"Goggo, ba mutum ba ne, inji ne."

"To shi injin ba shi da malami? Kashe."

Daga nan sai muryar mutane take ji, da abin kunne a ƙarƙashin mayafi, ko'ina ta je. A wani gidan suna, ana tsaka da gaishe-gaishe, igiyar ta fizge daga wayar. Sai ga muryar namiji ta cika tsakar gida yana rantsuwa ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Mata suka juyo suna kallonta, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Goggo ko gezau.

"Ku ci abincinku," ta ce. "Ƙarya yake, jiya ma haka ya faɗa wa wata."

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na bara. Akwai wata marubuciya da ke sako littafinta kashi-kashi duk Juma'a, da muryarta. Labarin wata mai sayar da atamfa ne, mijinta ya rasu, danginsa suka tashi raba ta da shagonta. An kai kotu, alƙali ya gyara zama zai yanke hukunci, sai marubuciyar ta yi ɗif. Juma'a ta zo ta wuce, wata ɗaya, wata uku. Ita kuwa Goggo a lokacin ciwon zuciya ya matsa mata, ƙafafunta sun kumbura, ta san halin da take ciki.

"Rai a hannun Allah yake," ta ce da ni, "amma ba zan tafi in bar matar nan a tsaye gaban alƙali ba. Nemo min yarinyar nan."

Tsofaffi in suka tashi neman mutum a cikin birni, ba ya ɓuya. Kwana biyu aka gano a Gwale take aure, sunanta Rukayya. Na ce da Goggo likita ya hana ta fita. Ta ce likita bai karanta littafin ba. Muka hau adaidaita sahu.

Da faɗa ta shiga gidan. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba ta fara: wane irin rashin tarbiyya ne mutum ya tara dattawa ya watse ya bar su? Rukayya, yarinya ƙarama da goyo, ta durƙusa ta saurara har ƙarshe, sannan ta fashe da kuka. Ashe wani ne ya kwashe littafin, ya goge sunanta ya sa wani, yana yaɗawa. Da ta yi magana, masu karatu suka taru suka zage ta, wai ita ce ɓarauniya. Shi ne ta ajiye rubutu gaba ɗaya.

Goggo ta juyo ta dube ni da wannan idon da ba ya gani sosai.

"Wanda ake turowa a zaurenmu, da sunan wa yake?"

Gaskiya ni ma na tura wa mutum biyu na satar, ban duba suna ba.

A nan tsakar gidan mutane ta karɓi wayata, ta yi mana saƙon murya mai tsawon da har yau ba wadda ta iya sauraronsa sau biyu. Ta ce mu tsofaffin banza ne, muna jan carbi da hannun dama muna tura kayan sata da na hagu. Ta sa kowacce ta goge, ta kuma kira duk wanda ta tura wa ta faɗa masa sunan mai littafin.

Rukayya ta share hawaye ta ce, "Hajiya, bari in faɗa miki yadda zai ƙare."

"Kul. Rubutawa za ki yi. Kuma ki yi sauri, ba ni da lokacin jiran ki."

Sati biyu bayan nan Rukayya ta zo Mandawari da hantsi. Goggo ta riga ta kwanta, ba ta iya tashi. Yarinyar ta zauna a bakin gado ta karanta mata kashin ƙarshe, tun kafin ta sake shi ga kowa. Idon Goggo a rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Da aka gama, sai ta motsa.

"Alƙalin nan ya cika surutu," ta ce a hankali. Sai ta lalubo hannun Rukayya ta riƙe. "Amma kin kyauta wa matar. Kada ki sake bari wani ya raba ki da naki shagon."

Kwana huɗu ta ƙara a duniya. Shi ɓarawon har yau yana nan yana yaɗa aikin 'ya'yan mutane, kuma duk wadda ta turo min irin wannan, ta san abin da zai biyo baya, don a ɗakin Goggo na tashi.

Allah ya jiƙan Goggo Asabe, ya yafe mata zafin bakinta don tsarkin zuciyarta. Ya haskaka kabarinta, ya mayar mata da ganinta tar a gidan Aljanna. Amin.