Gwadon Malam Hodi

"A'a, Baba Hodi, ba shi nika tambaya ba. Da wane lokaci taka mutuwa? Da sahe ko da rana?"

"Ba ta da lokaci, Sama'ila. In na yi rabin awa ina aiki, sai ta yi ɗif, kamar an hure fitila. Jiya shafi shida na buga, duk sunka tahi."

"Ba ka adana su ba?"

"Mutum na adana takardar da bai ƙare ba?"

Sama'ila, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Birnin Kebbi wanda ya koyi taɓa kwamfuta a 'yan shekarun nan, ya sosa ƙeya. Karo na uku ke nan Malam Hodi na kawo masa wannan kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofishinsu. Sama'ila ya gwada batir, ya gwada wayar caji, bai ga komai ba. A kan bencinsa sai ta yi awa uku tana aiki lafiya lau. Da ta koma teburin mai ita, sai ta mutu.

Wannan ne ya fi ci wa Malam Hodi rai. Daraktan ofishinsu ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa inji lafiyarsa ƙalau, hannun da ke taɓa shi ne ya tsufa. Ya ba shi zuwa azahar ɗin ranar ya zo da bayanin abin da ke damun kwamfutar. In ba haka ba, teburinsa zai koma hannun Nazifa, sabuwar ma'aikaciyar da ta fito daga kwalejin fasaha.

Malam Hodi haifaffen Gulma ne, ɗan masu noman shinkafa. A Sakkwato ya koyi buga tafireta, ya yi shekara goma sha biyar a can. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka ce kowa ya koma gida, a bayan babbar mota ya zo tare da fayiloli, tafiretarsa a kan cinya tun daga Sakkwato, don bai yarda a ɗaure ta cikin kaya ba. Watannin farko a gindin darbejiya ya yi aiki, kafin a samar musu ɗaki. Iyalinsa na Argungu, sai Juma'a yake ganinsu. An san shi da abu guda: bai taɓa shafa farin ruwan goge kuskure a takarda ba. In harafi ɗaya ya kauce, sai ya zare shafin ya faro daga sama. Shekara goma sha biyu ya yi a haka a Birnin Kebbi, kafin a kwashe tafiretoci a zuba a sito.

"To, bari mu yi wani abu," in ji Sama'ila. "Ga benci. Zauna ka yi min aiki yadda kaka yi ohis. Kar ka rage komai."

Malam Hodi ya gyara zama. Ya buɗe jakarsa ya ciro wani tsohon gwado mai ratsin baƙi, ya ninke shi huɗu, ya shimfiɗa, ya lallaɓa shi da tafin hannu. Sannan ya ɗauki kwamfutar da hannu biyu ya ɗora a kai, ya danna ta kaɗan don ta zauna daram.

Sama'ila ya tsaya da baki buɗe.

"Baba, wanga hwa?"

"Gwado na. Adama tab ba ni shi shekarar da munka yi aure. Ba a aza inji bisa katako tsirara, ɗana. Zamewa shika yi, ga ƙara. Haka aka koya muna."

"Kullum bisa shi kaka aza ta?"

"Kullum. Har gehe nika tado mata shi don kar ta motsa."

Sama'ila ya kifa kwamfutar, ya nuna masa wasu ƙananan ramuka a ƙasanta da gefenta.

"Ka ga nan? Nan ne hancinta. Da shi taka shan iska. Akwai 'yar fanka ciki. Kai ko ka toshe mata hanci da gwado, cikin zahin bazarar Kabi! In ta ji za ta ƙone, sai ta kashe kanta. Ai wagga ta yi haƙuri da kai."

Ya fara dariya, amma da ya dubi fuskar dattijon sai ya haɗiye ta.

Malam Hodi ya daɗe yana kallon ramukan. Wata biyu yana zargin batir, yana zargin wuta, har ya fara zargin ko wani ne a ofis yake taɓa ta a bayan idonsa. Ashe kulawar da yake ba ta ce.

"Baba, ji nan," Sama'ila ya rage murya. "Ka ce mishi fanka ta cije, na gyara. In ya aiko, haka zan hwaɗa. Wa za ya sani?"

"Ni."

"Haba, Baba! Teburinka hwa?"

Malam Hodi ya miƙe. Ya naɗe kayansa, ya yi godiya, ya hau kabu-kabu.

A ofis ya tarar da Darakta tare da baƙi biyu suna shan lemo. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka ce ya shigo. Ya yi bayanin komai dalla-dalla, bai rage ba, ya ƙara da cewa yanzu an gano, ba za ta sake mutuwa ba.

"Gwado?" Darakta ya maimaita. Ya juya wajen baƙinsa. "Kun ji? Gwado ya shimfiɗa wa kwamfutar gwamnati. Saura ya ba ta fura."

Suka kwashe da dariya, ɗaya har yana ƙwarewa.

"Ranka shi daɗe, ka ce in zo da bayani. Ga shi na zo da shi."

"Ka zo da shi kam. Da bakinka ka faɗi abin da nake faɗa tun farko. Ba laifinka ba ne, Malam, zamani ne. Ka miƙa wa Nazifa. Sito na bukatar mutum mai tsari irinka."

Makullin siton na kan teburin, an riga an ɗaura masa takarda da sunansa. Malam Hodi ya lura tawadar ta daɗe da bushewa.

Nazifa ta miƙe tsaye da ya shigo ɗakinsu, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Baba, wallahi ban nema ba."

"Na sani, ɗiyata. Zauna." Ya ajiye mata kwamfutar. "Kar ki aza ta bisa komai mai laushi. Hancinta na ƙasa. In ana zahi, ki ɗaga bayanta da littahi ƙarami."

Ya buɗe aljihun teburin ya kwashe tabaraunsa da carbi da kwalbar man kai. Bai gama ba aka ƙwala masa kira daga baranda: ana neman fayil ɗin madatsar ruwan Ambursa na shekarar casa'in da huɗu, Darakta na jira. Ya ce to. Ya rataya jakarsa, ya juya makullin a hannunsa yana neman lambar ƙofa, ya bi bayan ginin ta cikin rana.