Jan Zaren Baba Tela

A layin da Baba Tela ya kafa kekensa, tsofaffin maƙwabta sun fi tunawa da karatunsa a kan ɗinkinsa, ko da yake ba a taɓa kama shi da karkataccen wuyan riga ba. Bai yi nisa a makaranta ba, amma a ƙarƙashin teburin yanka yana da akwatin ƙarfe cike da littattafan marubuci guda, wanda bai taɓa gani ba, kuma ba ya kiransa da komai sai "mutumina". Marubucin ya daɗe da rasuwa, maɗaba'ar da ta buga littattafan kuma ta zama wurin ajiyar siminti.

Duk littafin da ya shigo hannunsa, kafin ya karanta layi ɗaya sai ya nemo babin ƙarshe, ya haɗe bakin shafukan, ya bi su da allura da jan zare. Sauran yakan karanta har ya kusa haddacewa. Da ya iso ɗinkin sai ya rufe. Wanda ya fi so labarin wata mata ne da ta koma gidan mahaifinta bayan doguwar gaba, kuma zaren ya kama ne daidai inda ta ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gyaran rediyo da ke jikin shagonsa yakan tsokane shi cewa ya bar baiwar Allah a tsaye har ƙafafunta sun kumbura. Shi kuwa yakan ce ajiya yake yi: mutuminsa ba zai ƙara rubuta komai ba, in ya cinye ƙarshen tun yanzu, me zai karanta ranar da ya ajiye almakashi?

Ranar ta zo, amma tare da ciwon yanar ido. Aka yi masa aiki a asibiti, kuma duk zaman jinyar, akwatin ne a bakinsa. Da ya dawo gida gani ya washe, babbar 'yarsa ta jere masa littattafan a kan tabarma, fuskarta cike da fara'a. Ta kai su wurin mai ɗaurin littattafai, an sa musu sabon bango mai kauri.

Ya ɗauki na matar, ya juya bayansa yana laluben zare. Babu zare, babu shafukan. Daga ƙwanƙwasa ƙofa sai farar takardar bango. Ya duba na biyu da na uku, duk haka.

Ya ce, "Uwata, me kika ce wa mutumin nan?"

"Cewa na yi ya cire ɗinkin, Baba, don kada ka wahalar da idonka."

"A gidan tela kika tashi. Ɗinki warware shi ake yi."

Da aka bincika, sai aka gano mai ɗaurin ya ɗauka abin da aka ɗinke ɗin ne ba a so. Ya sa wuƙa ya yanke shafukan, suka bi sharar shagonsa.

'Yar ta zaga shagunan tsofaffin littattafai, ta tambayi ɗakunan karatu, ba ta samu ko ɗaya ba. Ta sayo masa na wasu marubutan. Suna nan a ledarsu. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma sake ta da zancen ba, abin da ta ce ya fi mata faɗan ciwo. Mai gyaran rediyo ya zo gaisuwa, ya yi tayin ƙago masa ƙarshen labarin da kansa. Baba Tela ya ce ya gode, ya je ya ji da rediyoyin mutane.

Ya rayu wasu shekaru da ido garau. Kullum da hantsi yakan zauna a ƙofar ɗaki ya karanta littafin matar har zuwa inda ta ƙwanƙwasa, ya daɗe yana kallon farar takardar, sannan ya rufe. Har ya rasu ba a buɗe mata ba.