Shafin Ilu Mai Alkaki

Jama'a, wannan abu a Jidda ya same ni, unguwar Ruwais, tun wayar hannu ba ta zama ta kowa ba, kuma wallahi tallahi da rana tsaka ne, idona biyu, ban sha komai ba sai ruwan tanki mai ɗumi. Wanda zai yarda ya yarda, wanda zai ce Bakatsine ya fara zuƙi shi ma na gode masa.

Da bizar umra na shiga na ƙi fita, kamar yadda da yawanmu suka yi, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini, ina dako a wani sito a Khumra har bayana ya ce ya gaji. Sai wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wani dattijo mai neman wanda zai riƙa kaɗe masa ƙurar littattafai, da sharaɗin ya iya karanta ajami. Na ce ai ko na yi allo, a kai ni.

Sunansa Ammu Hamza. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya taho hajji a ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba, don haka Hausarsa rabi Larabci ce. Ya yi shekara talatin da wani abu yana kula da ɗakin karatu na wani kamfani a bakin teku, da ya ajiye aiki sai ya mai da benen gidansa ɗakin karatu. Bai taɓa aure ba. Littattafan nan su ne iyalinsa, kuma ban taɓa ganin uban da ke lallaɓa 'ya'yansa kamarsa ba.

Akwai tsofaffi na rubutun hannu a cikin gafaka, waɗanda alhazan zamanin da suka sayar don su sami guzurin komawa. To waɗannan na gane darajarsu. Amma sai ga wasu tuli guda, 'yan ƙanana na aljihu, takardar banza mai rawaya, a bangon an zana mace ta buɗe baki tana ihu, ko hannu yana fitowa daga kabari, duk labaran fatalwa da masu shan jini. Kuma sai ka wanke hannu kafin ka taɓa su, daidai da na gafakar! Na ce, "Haba Ammu, da furfurarka?" Ya ce, "Ya waladi, ɗana, wanda ya rubuta wannan shi ma bai yi barci ba sai da ya gama. Yalla, wanke hannu."

Wata biyu ina aiki kafin ya nuna mini babban littafi mai baƙin bango wanda shi ya rubuta da hannunsa. Na buɗe na karanta shafi ɗaya, biyu, sai na rufe. Tarihin 'yan daudun da suka zauna a Jidda ne, kowa da shafinsa: sunansa, laƙabinsa, garinsu, abincin da yake sayarwa, wanda ya yi jinyarsa, wanda ya yi masa wanka. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci, na ce ni ba wannan ya kawo ni ƙasa mai tsarki ba. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi a ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari, su kuma danginsu na gida sun ɗaura zannuwan da suka aika amma ba sa iya faɗin sunansu a cikin mutane, to in shi bai rubuta ba wa zai san sun taɓa zuwa duniya? Ya ce hisabi na Allah ne, shi ma'ajin littafi ne kawai. Na tuna ranar da na sauka unguwar Kurayyat da yunwa, wani irinsu ne ya zuba mini tuwo bai tambaye ni ko sisi ba. Na koma kan aikina.

Ƙa'idar littafin ɗaya ce, sai wanda ya mutu ake buɗe wa shafi. Shi ya sa akwai mutum ɗaya da babu shi a ciki, Ilu Mai Alkaki, mutumin Haɗeja. Shekara ashirin da biyu kafin zuwana aka yi kamen marasa takarda aka haɗa da shi aka mayar da shi gida, tun daga ranar ko wasiƙa. Duk lokacin hajji Ammu zai sa farar jallabiya ya bi masaukan alhazai yana tambaya, ko akwai ɗan Haɗeja, ko an san wani Ilu. Ya dawo ya zauna ya ƙi cin abinci. Mene ne tsakaninsu? Ban tambaye shi ba, ku ma kada ku tambaye ni. Abin da na sani, tsohon nan yana raye ne a kan cewa Ilu na nan wani wuri da ransa.

Sai aka yi wani ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, gidajen Jidda kuwa ba don ruwa aka gina su ba. Rufin ya yi yoyo, littattafai suka jiƙe, baƙin littafin ma tawadarsa ta zube a wurare da yawa. Ammu ya yi kuka, wallahi kuka da hawaye. Muka kwashe su zuwa saman soro muka shanya, kowane a buɗe, an danne da ƙaramin dutse, har ba wurin taka ƙafa sai 'yar siririyar hanya daga bakin matakala zuwa inda tabarmata take. Ni ya sa in kwafe baƙin littafin a sabo kafin sunayen su ɓace gaba ɗaya.

Rana ta uku ya tafi la'asar masallaci, ya kulle ƙofar gida ta waje kamar kullum, saboda lokacin ana yawan kame kuma ya san ba ni da takarda. Ina zaune ina fama da wani suna da ya dame, Audu ne ko mene ne, sai na ji an ce, "Ba Audu ba ne, Auta ne, ɗan Maraɗi, mai dambun nama."

Na ɗaga kai. Mutum ne zaune a can lungu, jikin tankin ruwa, ya tanƙwashe ƙafa gefe guda. Ba zai wuce shekara arba'in ba, fari-fari, da wushirya, ido ya sha kwalli, ya yafa ɗan mayafi a kafaɗa. A raina na ce baƙon Ammu ne ya shigo da shi kafin ya fita. Na yi masa sannu, ya amsa yana karya wuya, ya ce, "Sannu malam marubuci. Oh ni, wannan rubutu naka, Allah dai ya sa masu karatu su gane." Na ji haushi amma na yi dariya. Ya gyara mini sunaye sun kai biyar, duk wanda na kawo sai ya faɗi garinsu da sana'arsa, har da wanda ya fi kowa rowar man shanu.

Can sai ya ce in buɗe sabon shafi. Na buɗe. Ya ce, "Rubuta Ilu Mai Alkaki."

Alƙalamin ya kusa faɗuwa. Na ce innalillahi, ya rasu? Ya ce ya rasu, a garinsu, an yi masa wanka an yi masa salla, sahu bai cika ba amma ba laifi. Ya ce in gaya wa Hamza, haka ya kira shi gatsal ba Ammu ba, ya daina wahalar da alhazai da tambaya. Ya ce maganar wasiƙa kuma, mutumin da bai iya rubutu ba, wa zai zaunar a Haɗeja ya ce rubuta mini irin wannan magana? Sai ya ɗaga hannu yana gyara mayafi, na ga tabon ƙunar mai tun daga wuyan hannun hagu har gwiwar hannu. Ya ce, "Sannan littafin nan mai koren bango, na matar da ke cikin rijiya, ka ce ya ƙarasa mana. An gaji da jira a ji ko ta fito."

Na sunkuya ina rubutawa don kada in manta. Ina ɗagowa, babu kowa jikin tanki. A daidai lokacin na ji ƙarar mukulli a ƙasa, Ammu yana buɗe ƙofa. Sai a sannan hankalina ya dawo jikina, na dubi tsakanina da tankin, littattafai ne shimfiɗe wani a jikin wani, ko kyanwa ba za ta wuce ba tare da ta ture dutse ba, kuma ko ɗaya bai motsa ba. Katangar soron ta fi ni tsawo. La'ilaha illallahu! Gashin jikina duk ya miƙe.

Ina jin takunsa a matakala ina shawara da zuciyata, in yage shafin nan in yi shiru, tsoho ya ci gaba da sa ransa, ko in faɗa in karya shi. Wallahi har na kama gefen takardar. Amma saƙo amana ne, ko daga wa ya fito, kuma tsoron kada mai saƙon ya dawo ya tambaye ni ya fi komai.

Na miƙa wa Ammu shafin. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye, ya ce wa ya zo? Na kwatanta masa, wushirya, kwalli, da na zo kan tabon hannu sai ya zauna daɓas a kan matakala. Sannan ya sauka ya dawo da wani ɗan littafi mai koren bango wanda ban taɓa gani a kan kanta ba, da tsinken tsintsiya a soke kusa da ƙarshensa. Ya ce Ilu bai iya karatu ba amma yana mutuwar son labarin tsoro, shi yake karanta masa da Larabci yana juya masa da Hausa, kullum bayan la'asar. Saura babi ɗaya aka kama shi. Ya ce tun ranar bai buɗe ba, shi ma bai san ƙarshen ba, kuma duk duniya ba wanda ya san da wannan sai su biyu. Ya yi wa Ilu addu'a, na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.

Washegari bayan la'asar ya sa na buɗe hanya zuwa tanki na shimfiɗa tabarma. Ya zauna a gefe ɗaya, ya bar gefe ɗaya, ya cire tsinken ya fara karatu da ƙarfi. Ni ina bakin matakala, ƙafa ɗaya a ƙasa don ko ta kwana. Ya zo wurin da matar ta kama bakin rijiya da yatsunta, na rantse da wanda raina ke hannunsa, na ji an tafa hannu sau ɗaya an ce "Wayyo ni!" da 'yar dariya. Ammu ko ɗaga kai bai yi ba. Cewa ya yi, "Halas mana, ka nutsu, saura shafi biyu," ya ci gaba har ya kai ƙarshe, ya rufe littafin, ya kifa fuskarsa a kai.

Bai sake zuwa masaukan alhazai ba. Shekarar da ta biyo ni ma kame ya rutsa da ni a hanyar kasuwa, ko sallama ban yi masa ba, kuma har yau ban san abin da ya sami Ammu Hamza da baƙin littafinsa ba. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce zafin rana ne ya taɓa ni. Ni dai na san abin da kunnena ya ji, kuma duk ranar da na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Shawarata gare ku, in akwai wanda ke jiran labarinku a wani wuri, ku aika masa tun kuna da bakin faɗa, ko da kunya za ta kashe ku. In kuma kun fara karanta wa mutum labari, don Allah ku ƙarasa masa.