Gidan da Byabato Ya Rushe da Hannunsa

Duk wanda ya saba bin gangaren da ke sauka Bukoba da safe ya san Byabato, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai wuya kamar na zalɓe, wanda ba a ganin kekensa don ayaba. Sai dai ka hangi tulin kore yana tafe a hankali, da ƙafafu biyu a gefensa. Tun gemunsa bai fito ba yake turin ayabar mutane zuwa kasuwa. Ba ya shan giyar ayaba, ba ya zaman majalisa, ba kuwa don ya fi kowa tsoron Allah ba. Bulo yake tarawa.

Dalilin bulon matarsa ce, Kemilembe. Da ciwon fuka aka kawo ta gidansa, gajeriyar mace wadda bakinta ya fi ƙirjinta lafiya. Ɗakin ciyawar da ya gada wurin ubansa ba shi da taga, hayaƙin murhu sai ya gama zagaye mutum kafin ya sami hanyar fita, kuma da damina ta kama sai ƙirjin nata ya dinga fito kamar buta a kan wuta. Tun shekarar farko ya ce zai gina mata gidan jan bulo, mai taga, mai rufin kwano. Ta ce ta ji. Sai da 'yarsu Atugonza ta isa aure sannan aka buga ƙusar ƙarshe. Ran nan Kemilembe ta zagaye gidan, ta buɗe taga, ta rufe, ta sake buɗewa, ta ce, "To, Baban Atugonza, ka cika magana. Saura ka sayi wando, don na jikinka ya fi gidan tagogi."

A gidan nan fukar ta lafa. Har kumatu Kemilembe ta yi.

Byabato yana da ɗan'uwa, ba irin wanda ake fitowa ciki ɗaya ba, wanda ya fi wannan nauyi. Suna samari shi da Kaijage suka zauna gaban dattawa, aka ɓare ɗan itacen kofi guda, wato gahawa, aka fitar da ƙwayoyinsa biyu, kowa ya ɗan tsaga gefen cibiyarsa ya shafa wa ƙwaya jini, ya ba ɗaya ya haɗiye. Daga ranar ba ƙarya tsakaninsu, ba zagi, ba cuta. Wanda ya yi, cikinsa ne zai biya. Kuma abin ba ya mutuwa da mutuwar masu shi, 'ya'ya ke gada. Kaijage bai yi tsawon rai ba. Ɗansa Rwegasira daga tukunyar Kemilembe ya ci ya girma, ya yi karatu, ya sami kujera a ofishin gunduma, ya koma sa takalmin da ba ya shiri da taɓo.

Wata Asabar da rana ƙasa ta motsa. Byabato na hanyar dawowa, ya ji keken ya fizge daga hannunsa, itatuwa suna kaɗawa ba iska. Ya bar keken a nan ya ruga, tsoho da shi. Gidajen maƙwabta sun zube, ƙura ta tashi, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Ya tarar da Kemilembe zaune a tsakar gida da wuƙar feren ayaba a hannu, gidan kuma yana tsaye a bayanta. Tsaga guda ce a bangon baya, daga ƙarƙashin rufi zuwa ƙasa, wadda yatsa ke shiga. Ɗakunan gaba ko gezau.

"Ina keken?" in ji ta.

"Na bar shi a hanya."

"To koma ka ɗauko. Ni ba mai sace ni."

Ba a daɗe ba labari ya cika gari cewa taimako na ta shigowa, manyan motoci daga birni, jirage daga ƙasashen waje, barguna, siminti, kwano. Sai ga Rwegasira da mutanensa da gwangwanin jan fenti, suna bi gida gida suna sa alama. Da ya iso wurin Byabato ya tura su gaba, shi ya cire takalmi ya zauna a kan ciyawar da aka shimfiɗa a ɗakin baƙi. Kemilembe ta kawo ɗan kwandon busasshen kofi, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya shigo da alheri. Ya ɗauka da hannu biyu, ya ɓare, ya tauna.

"Baba," ya ce, ya rage murya, "abin da zan gaya maka ba kowa na gaya wa ba. Gwamnati za ta gina gidajen da suka faɗi, daga tushe har rufi. Wanda ya tsage kawai, cewa za a yi mai shi ya liƙe abinsa. Kuma bangon nan naka, in ƙasa ta sake atishawa, a kanku zai kwanta. Ka sauke gidan da kanka kafin masu dubawa na biyu su zo. Abin da suka tarar a ƙasa shi za a tayar."

"Kai, ɗan nan," in ji Kemilembe, "da kunnenka ka ji, ko an ce an ce ne?"

"Inna, a ɗakin taron nake."

"A kan kujera, ko a bakin ƙofa kana riƙe wa wani jaka?"

Rwegasira ya yi dariya. "Inna ba kya canzawa. Kafin ruwa ya sauka kina cikin sabon gida, da siminti a ƙasa. Ki riƙe ni da wannan."

Da ya tafi ta ce wa mijinta, "Gwamnatin da ba ta taɓa ba ni allurar ɗinki ba, ita za ta ba ni gida? Ka kwaɓa ƙasa ka toshe tsagar nan, mu kwana a gaba."

Byabato ba sakarai ba ne. Da baƙo ne ya zo da maganar, da ya raka shi bakin hanya ya dawo ya kwaɓa ƙasarsa. Amma jinin Kaijage na cikinsa, ɗan Kaijage kuma ya zauna a ɗakinsa ya tauna kofinsa sannan ya buɗe baki. A wurinsa maganar da aka yi a haka ba ta buƙatar shaida. Ya kuma tuna bangon, ya tuna inda kan matarsa yake idan ta kwanta.

"Ya tauna kofi, Uwar Atugonza," ya ce.

"Akuya ma in ka ba ta za ta tauna."

Duk da haka ya hau rufi da guduma. Maƙwabta suka taya shi, wasu na cewa ya yi sa'a da yake da mutum a ofis. Kwanon ya tsufa, wurin cire ƙusa ya yi ta yagewa kamar busasshen ganye. Bulon da ƙasa aka ɗaura shi, rabi ya farfashe. Tagar kaɗai ya cire da lallami, ya jingina ta a gindin ayaba. Abin da ya ci rabin rayuwarsa bai kai mako ba ya zama tsibi. Aka ba su tamfol shuɗi da bargo, suka kafa a cikin gonar ayaba, suka zauna jiran masu dubawa na biyu.

Ruwa ne ya riga su zuwa. A gonar ayaba kuwa sau biyu ake dukan mutum, na sama ya yi nasa, ganye kuma ya ci gaba da zuba bayan an ɗauke. Ƙasa ta jiƙe, tabarma ta yi funfuna, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi, hayaƙin kuma ba inda za shi sai cikin tamfol. Butar nan ta ƙirjin Kemilembe, wadda aka manta da ita shekara da shekaru, ta dawo kan wuta. Ya kai ta ɗakin shan magani, ya tarar shi ma ya tsage, ma'aikaciyar tana duba mutane a gindin mangwaro, abin shaƙar masu fuka kuwa ya ƙare tun makon girgizar.

Sai wata rana rediyo ya yi magana. Aka ce an duba, an ga gudummawar da aka tara ta kowa ce, don haka abin kowa za a gyara da ita: makarantu, asibitoci, hanyoyi. Gidan kwana kuwa, kowa ya tashi ya gina nasa.

Kemilembe ta saurara har ƙarshe, tana jan numfashi da ƙyar. "Ka ji ko?" ta ce. "Za su gyara mini asibiti. Sai dai ba su ce in jira su da rai ba."

Byabato ya hau keke ya tafi gunduma. Ya wuni a kan benci, har sai da inuwa ta juya Rwegasira ya fito, ya ja shi bayan gini, inda ba mai ganinsu.

"Baba, daga sama aka canza. Wallahi abin da aka gaya mana na gaya maka."

"Ɗana, ban zo shari'a ba. Innarka ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana. Kwanon ɗaki guda nake nema."

"Akwai ɗan abin da ya rage, amma an ware masu shi. Matan da mazansu suka mutu, marayu, da tsofaffin da ba su da kowa a gida." Ya kawar da kai. "Kai kana da mata, Baba. Kana da keke."

Maganganu suka taso wa Byabato har maƙogwaro, irin waɗanda in aka faɗa wa mutum ba ya sake ganin daidai. Ya haɗiye su. Ba a zagin ɗan Kaijage. Ko a nan, shi ne ke riƙe da amanar, shi kaɗai.

"Ya ba ka kofi?" Kemilembe ta tambaye shi da ya dawo.

"A tsaye muka yi magana."

"Uhm," ta ce, ba ta ƙara ba. Wannan shirun ya fi masa ciwo a kan duk abin da bakinta ya taɓa faɗa.

Ya shiga tsince bulon da bai fashe ba, yana tayar da ɗaki guda. Abin da ya ɗora da safe ruwa ya wanke da yamma. Kwano kuwa ya gagari talaka, don lokacin farar senene ya zo, masu kafa mata tarko da kwano da fitila sun kwashe na kasuwa. Ya aika wa Atugonza a Mwanza, ta ce tana tafe da zarar ta sami na mota. Bango ya kai ƙugu ranar da leɓen Kemilembe ya yi baƙi.

Ya ɗora ta a bayan keke, inda yake ɗaure ayaba, ya zagaya ta da zani don kada ta zame, ya kama hanyar babban asibiti yana turawa. Tana bayansa tana fito.

"A hankali, tsoho," ta ce. "Ba sayar da ni za ka yi ba."

A tsakiyar wani hawa mai tsawo ya lura ba ya jin komai sai ƙarar sarƙar keke. Shekaru ya yi yana roƙon Allah ya raba shi da jin fiton nan. Bai waiwaya ba sai da ya kai kan tudu.

Aka binne ta a cikin gonar ayaba, kusa da iyayensa, taku kaɗan daga inda tagar ke jingine. Rwegasira bai zo ba. An ce aiki ya yi masa yawa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Atugonza ta koma wurin 'ya'yanta, sai ga mota ta tsaya a bakin gonar. Rwegasira ne, da direba, da masu sauke kaya, da wani mai ɗaukar hoto. Sababbin kwanuka suna ƙyalli a bayan motar, da buhunan siminti.

"Baba, Allah ya ji ƙan Inna," ya ce, bai iya haɗa ido da shi ba. "Na yi ta fama har na sa ka a ciki. Yanzu ka cancanta."

"Na cancanta," in ji Byabato.

"Tunda yanzu ba ka da kowa a gida."

Maƙwabta sun taru. Byabato ya shiga tamfol ya fito da ɗan kwandon Kemilembe, don ba a barin baƙo haka. Ya miƙa wa direba, ya ɗauka. Ya miƙa wa masu sauke kaya, suka ɗauka. Ya miƙa wa mai hoto. Rwegasira ya haɗa hannu biyu ya miƙo. Byabato ya wuce ta gabansa kamar wanda ya wuce kututture, ya mayar da kwandon ciki. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Hannun nan ya daɗe a sarari kafin mai shi ya tuna yana da aljihu.

Mai hoton, wanda ba ɗan nan ba ne, bai gane komai ba. "Tsoho, tsaya nan kusa da kwanon, ka ɗan yi murmushi."

"Ba nawa ba ne," in ji Byabato. "Ku kai wa mai shi. Ga ta can."

Suka dubi juna, suka dubi Rwegasira, shi kuma yana duban takalminsa da taɓo ya gama da shi. Haka suka ɗauki kwanon suka bi ta cikin ayaba suka ajiye a gefen kabari.

Ya kafa ginshiƙai huɗu, ya yi wa kabarin rufi mai kyau, ba inda yake yoyo. Simintin ya bar shi a waje har ya daskare. Masu hankali sun yi ta yi masa magana, wai ya ƙarasa ɗakinsa ya rufa, wai mamaci ba ya jin sanyi. Ya ce ya sani. Ganyen ayaba ya ɗora a kan guntun bangonsa, a nan yake kwana, tarin da ya kama shi tun daminar nan kuma bai sake shi ba.

An gyara asibitin, ba laifi, har da fenti. Rwegasira ya sami ƙarin girma, ya daina biyowa ta hanyarmu. Byabato na nan yana turin ayaba, sai dai kayan sun ragu, yanzu ana ganin keken. In hadari ya taso yana gida, yakan tashi ya koma ƙarƙashin kwanon nan ya zauna a gefenta, har ruwan ya ɗauke.